Gwangwani Uku a Gurbin Giram: Jinjina ga Jummai Ashafa

Ƙarfe shida da rabi na safe motar ma'aikata take tsayawa a ƙofar Masaƙar Ɗorawa da ke Sharada, kuma masu gadi sun shaida cewa Jummai Ashafa ce take fara saukowa kullum. A kujerar bakin ƙofa take zama tun daga Sabon Gari, jaka a cinya, rigar sanyi a ninke a kan jakar, ko da kuwa watan Afrilu ne gari yana tafasa. Sabon ma'aikaci yakan ɗauka zazzaɓi take yi. Sai ya kwana biyu yake gane cewa ɗakinta ne kaɗai mai sanyi a duk masaƙar, kuma ba don ita aka sanyaya shi ba, don kwamfuta aka yi.

A bakin ƙofa take cire takalmi. Ba ta taɓa komai sai ta leƙa ta taga Inuwa mai janareta ya ɗaga mata hannu, alamar wuta ta zauna daidai. Sannan ta kunna na'urar, wadda ta kai girman firij biyu, ta jira ta gama gurnani, ta buga takardun haɗin kala na ranar. Kowace takarda tana ɗauke da lambar zanen atamfa da yawan garin rinin da za a zuba masa. Kafin ƙarfe bakwai ta kai su da ƙafarta ɗakin haɗa kala, ta miƙa wa Malam Labaran, dattijon da ke shugabantar ɗakin, da hannu biyu.

"Baba, kun tashi lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Yau kuma me akwatin naki ya ce mu yi?"

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki bayan shekara goma sha bakwai. Koren rubutun allon kwamfuta ya cinye mata ido, likita ya ce ko ta bar shi ko idon ya bar ta. Za a taru a ɗakin cin abinci, a sha lemo, a ba ta agogon bango, manya su yi dogon jawabi a kan riƙon amana, wani ma sai an tuna masa sunanta. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ta yi tun tana nan tana ji. Matan da suka ɗaura atamfar Ɗorawa da ƙaramar Sallar 1987, daga Kano har Maraɗi, babu wadda ta san cewa saura ƙiris zanen nan ya lalace tun bai bar masaƙa ba.

Daga kudancin Zariya ta zo a 1972, aka ɗauke ta buga tafireta. Da aka sayo kwamfuta a 1980, wani Bature ya zo ya koyar da maza uku, aka haɗa da ita a matsayin ta huɗu don kawai yatsunta suna da sauri. Shekara ba ta zagayo ba mazan nan uku suka samu aiki a banki suka kama gabansu. Aka waiwaya, sai Jummai da na'ura.

Aikinta na farko shi ne ta kwashe duk haɗin kalar masaƙar daga kan Malam Labaran ta zuba a kwamfuta. Shi ɗan gidan marina ne daga Kura, yana karanta ajami da lamba, boko kuwa bai ba shi haƙƙi ba, kuma duk haɗin nan a kansa yake. Abu mai yawa a babban sikeli yake aunawa, kilo-kilo, wannan ba matsala, sai ta mayar da shi giram ta buga. Amma ƙaramin sikelin ɗakin ya lalace tun 1976, an rubuta takardar neman sabo har an gaji, don haka abu kaɗan da gwangwanin madara yake ɗiba.

Ranar da suka zo kan irin wannan, ya ce, "Ja, gwangwani uku."

Ta ce, "Baba, giram nawa ke nan?"

Ya ce, "Tambayi gwangwanin."

Gurbin da ke allon an rubuta masa giram, kuma lamba kaɗai yake karɓa. Baturen ya riga ya koma ƙasarsu, ofis yana matsa mata ta gama. Sai ta buga 3, ta ce a ranta gobe za ta nemo sikeli ta gyara. Takarda ta fito, mutanen Malam Labaran suka ga 3, suka ɗebi gwangwani uku ba tare da sun tambayi kowa ba, don ko mahaukaci ya san giram uku ba ya rina komai a tukunyar da ta fi mutum tsawo. Kala ta fito daidai. Aiki ya tafi sumul, goben nan ta yi ta matsawa har ta shekara bakwai.

A watan Maris na 1987 wasiƙa ta zo daga kamfanin Legas da ya sayar da na'urar. Sun ce tsarin da ke tafiyar da ita, wanda su suke kira sistem, ya tsufa, daga bana ba za su sake duba shi ba, dole a sa sabo. Kafin a sa shi sai an goge duk abin da ke cikinta, a kwafe a kan tef, a mayar bayan an gama. Ma'aikata dai suka taƙaita zancen, suka ce za a sauya wa kwamfuta ƙwaƙwalwa. Alhaji Baffa, manajan masaƙar, shi ya karanta wasiƙar a taron Litinin, yana murmushi ya zo kan layin da ya fi burge shi: sabon tsarin yana tafe da sikeli mai aiki da kansa, wanda zai ɗauki lamba kai tsaye daga kwamfuta ya zuba garin rini. Ba sauran takarda, ba sauran ɗiba da hannu. Asabar ta sama za su zo.

Kowa ya tafa. Jummai ma ta tafa, amma ta riga ta hango abin da ke tafe. Sikelin nan bai san gwangwani ba. In ya ga 3, giram uku zai zuba, ɗan abin da bai cika cokalin shayi ba. Kuma ita atamfa ba ta nuna ainihin kalarta sai an turara ta an wanke, kafin nan yadi dubbai sun wuce ta injin bugawa. Da ta koma ɗaki ta rufe ƙofa ta bi haɗin ɗaya bayan ɗaya. Cikin dubu ɗaya da ɗari da sittin, guda ɗari huɗu da goma sha biyu suna da gwangwani a ɓoye, kuma yawancinsu zanukan da aka fi nema da Sallah ne.

Mai karatu zai ce ai sai ta tashi ta je ta faɗa. Faɗar da sauƙi daga nesa. Shekarar rage ma'aikata ce, kowace Juma'a sai an liƙa sunaye a ƙofar wata masana'anta a Bompai ko Sharada. Mijinta Markus, tun watan Janairu majemar da yake wa aiki a Challawa ta sallame shi, yana gida, ga yara huɗu. Alhaji Baffa kuwa mutum ne mai tsantseni, ba ya cin haƙƙin kowa, amma kalmar kuskure ba ya jin ta sau biyu daga baki ɗaya. Ba za mu yi mata ado ba: tsoro ta ji, tsoron a kore ta, shi ya rufe mata baki.

Wurin Malam Labaran ta nufa da aka tashi hutun rana. Ya saurare ta har ƙarshe yana goge hannu da tsumma.

"Yanzu akwatin naki ne zai riƙa ɗiba?"

"Shi ne, Baba. Kuma abin da na gaya masa ba daidai ba ne."

"Manaja ya sani?"

Ta girgiza kai, idonta ya kawo ruwa.

Ya ce, "To kuka ba ya auna gari. Nemo sikeli mu auna."

Zuwaira, ma'aikaciyar jinyar kilinik ɗin masaƙar, ita ta ba da aron ɗan sikelin da take auna garin magani da shi, bisa sharaɗin a dawo mata da shi a wanke kafin ƙarfe biyu, kuma kada a gaya mata abin da ake yi da shi don kada a tambaye ta. Jummai ta yi lissafin garin rini iri talatin da takwas ne, in an auna gwangwani ɗaya na kowanne, mako guda an gama. Ranar farko ta gane ta yi kuskuren lissafi. Gwangwanin Malam Labaran ba ɗaya ba ne. A wani zanen yakan cika shi da tozo, a wani ya shafe bakinsa da yatsa, a wani kuma ya bubbuga gindinsa a kan benci garin ya zauna sannan ya ƙara. Tsakanin mai tozo da shafaffe akwai giram kusan talatin.

"Baba, lamba ɗari biyu da sha biyu, da tozo ne ko a shafe?"

Ya ɗaga kai ya yi tunani, ya ce, "Wallahi in kin tambaye ni ban sani ba. Ba ni gwangwanin dai."

Da ya riƙe shi, hannun ya yi abin da ya saba. Ashe ba a kansa abin yake ba, a hannunsa yake. Don haka dole a bi kowane zane daban: ta kira lamba, ya ɗiba sau uku, ta auna, ta ɗauki na tsakiya, ta rubuta. Hutun rana minti arba'in ne. In sun yi sauri, zane goma suke gamawa. Aikin wata biyu ne, ga shi kwana biyar suka rage.

Nan ta fara neman a ɗage. Ta je ta ce wa Alhaji Baffa tef ɗin da ke akwai ba zai ɗauki komai da komai ba, sai an sayo ƙari. Gaskiya ne, ya duba ya gani, ya buga waya Legas aka ƙara mako biyu. Da mako biyun suka zo ƙarewa ta koma ta ce ba ta yarda da kwafin da ba a gwada karanta shi ba. Ya ɗaure fuska amma ya bari. Ta gwada, sai ga tef ɗaya cikin uku ya ƙi karantuwa sam, kuma da a kansa aka dogara da kashi ɗaya cikin uku na haɗin kalar masaƙar ya tafi ke nan. Aka ƙara mako uku. Dalilan nan biyu duk na gaskiya ne, sai dai ba su ne babban dalilin ba, kuma ita ta fi kowa sanin haka.

Masaƙa ba ta rasa masu tsiya. 'Yan sashen saƙa suka raɗa mata Madam Sai Jibi. In ta wuce sai wani ya ce, "Madam, yaushe za a yi wa akwati aski?" wani ya amsa masa, "Sai jibi!" Takan yi murmushi ta wuce, amma duk wanda ya kalle ta da kyau ya san ba lafiya. Zanenta ya fara yi mata yawa. In wayar ofis ta yi ƙara sai ta zabura. In ta hangi baƙuwar mota a ƙofa sai ta tsaya cak har ta ga wanda ya fito. Zuwaira ta ce ranar da ta kama ta da ƙarfi ta gwada jininta, sai da ta sake gwadawa don ba ta yarda da abin da ta gani ba.

Jummai, ke ce kika yi mako biyar ba ki ci abincin rana a zaune ba. Ke ce kike fitowa daga ɗakin haɗa kala da jan gari a ƙarƙashin farce, ki tsaya a famfo kina dirza kafin ki taɓa na'urar kamfani. Ana yi miki dariya a tsakar masaƙa, ke kuwa kina ƙirga zanen da ya rage. Mai haƙurin bin layi ɗaya-ɗaya, ko a lokacin da tsoro ya hana ki magana bai hana ki aiki ba.

Saura mako guda a fara azumi, sun gama ɗari biyu da sittin, saura ɗari da hamsin da biyu. Ta shiga ofis karo na uku ta roƙi a bari sai bayan Sallah. Wannan karon a rubuce Alhaji Baffa ya ba ta amsa. Da yamma masinja ya kawo mata takardar tuhuma: ta bayyana dalilin da take kawo wa aikin kamfani cikas. Washegari Laraba injiniyan Legas ya sauka da akwatunansa, aka kira ta ƙarfe goma.

Ta tafi da dalili na uku a bakinta. Za ta ce janareta yana buƙatar gyara, bai kamata a fara irin wannan aiki a kansa ba. Inuwa ya yarda zai mara mata baya, ko da yake ya ce shi dai janaretansa lafiyarsa ƙalau, don ita zai yi. Wannan dalilin shi ne na farko da ba gaskiya ba, kuma tun daga matakala take jin nauyinsa. In aka gano, ba ita kaɗai za a kora ba, har da mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Alhaji Baffa bai ce ta zauna ba. "Madam, sau biyu ina ba mutanen nan haƙuri saboda ke. Tef kika ce, an saya. Gwaji kika ce, kin yi. Ga bawan Allah ya taso tun daga Legas. Yanzu kuma mene ne?"

Ta buɗe baki, maganar janareta ta ƙi fitowa. Sai ta zuge jaka, ta ɗauko gwangwanin madara wanda ja da shuɗi suka rine, ta ajiye a kan teburin manaja, a kan takardunsa.

"Ranka ya daɗe, wannan ne."

Ta faɗi komai, tun daga 1980. Injiniyan ya fara dariya da aka fassara masa, sai ya ga ba wanda ya taya shi, ya daina.

"Shekara bakwai?" in ji Alhaji Baffa.

"Bakwai, ranka ya daɗe."

"Wa ya sa ki?"

"Ba wanda ya sa ni. Ni na buga da hannuna."

"Labaran fa? Ai shi ya ba ki wannan shirmen."

"Baba ya faɗi yadda yake aikinsa ne, kuma aikinsa bai taɓa ɓaci ba. Ni ce na iya karanta abin da aka rubuta a gurbin. In akwai hukunci, nawa ne."

Injiniyan ne ya ce a gwada a gani. Aka sauka ƙasa gaba ɗaya. Aka ɗauki lamba ɗari biyu da goma sha biyu, jar fulawa a kan ruwan goro, zanen da 'yan kasuwa suka fi yi wa layi a shekarar, aka haɗa kalar da giram kamar yadda take a tsohuwar takarda, aka buga yadi goma. Sa'a biyu ana jiran turarawa da wanki, Jummai tana tsaye a jikin bango, ba ta san inda za ta sa hannunta ba. Da aka warware zanen, fulawar ta fito fari-fari kamar tsumman da ya shekara a kan igiya. Yadi dubu talatin na wannan zanen aka shirya bugawa a makon farko na azumi.

Alhaji Baffa ya daɗe riƙe da zanen. Injiniyan ya ce da ya sa sistem ɗinsa ranar Asabar, da Litinin da 'yan sanda za a neme shi. Ba wanda ya yi dariya. Can manajan ya juyo ya ce, "Sai bayan Sallah. Ki gama abin da kika fara. Amma takardar gargaɗi za ta shiga fayil ɗinki, kuma maganar shugabancin sashen kwamfuta da ake shirin ba ki, ki cire ta daga ranki."

"Na gode, ranka ya daɗe," ta ce, don ta ɗauka kora ce za ta ji.

Muƙamin nan wani aka ɗauko daga waje aka ba, kuma har yau ita ce take nuna masa inda abubuwa suke. Abin da zafi, ba za a ce babu ba. Wani abin haushin kuma, ƙaramin sikelin da aka shekara goma sha ɗaya ana rubuta takarda a kansa, cikin kwana biyu aka sayo shi sabo fil, har da ledarsa.

Duk watan azumi suka yi suna awo, yanzu a fili. Malam Labaran yana ɗiba da bakinsa a bushe, ita kuma ba ta taɓa kai ko ruwa baki a gabansa ba, sai ta koma ɗakinta. Da suka gama na ƙarshe bai yarda ba sai da aka sake bin guda arba'in da ya ce hannunsa ya yi nauyi a ranakun. Daga nan ta shiga shirin ranar kanta. Ta yi kwafi uku a tef, ta gwada karanta kowanne daga farko har ƙarshe, ta ajiye su a gine-gine uku daban-daban. Ta buga duk haɗin a takarda, tulin da sai da aka ɗauke shi a baro. Ta sa injiniyan ya yi alkawari a rubuce cewa in sabon tsarin ya ƙi, zai mayar da tsohon a ranar. Ta rubuta matakan aikin bi da bi a bayan kwali ta kafa a bango, ta hana kowa tsallake ɗaya.

Asabar ta biyu bayan Sallah aka yi. Tun ƙarfe tara hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Inuwa bai jira a ɗauke wuta ba, ya mayar da ɗakin kan janareta, ya jawo benci ya zauna kusa da shi, ya ce ko manaja ne ya kira shi ba zai tashi ba. Da aka zo matakin goge komai, injiniyan ya ja kujerarsa baya ya ce ita za ta danna. Ta dubi kwalin da ke bango, ta sake tambaya ko an ga kwafi na uku da ido a safiyar nan, aka ce an gani. Ta yi addu'a a ranta ta danna. Aikin shekara bakwai ya ɓace daga allon a ƙiftawar ido.

Ruwa ya tsuge. Minti arba'in allon yana duhu, sai wata 'yar alama tana ƙyaftawa a kusurwa. Kowace tsawa sai Jummai ta dubi fitilar ɗakin. Injiniyan ya ce ta zauna, ta ce ba ta iyawa. Da rubutu ya fara fitowa aka ɗora kwafi na farko, tef ya yi ta juyawa, ita tana bin lambar da ke hawa da ido har ta tsaya a dubu ɗaya da ɗari da sittin. Ta san wannan rabin aikin ne kawai.

Aka koma ɗakin haɗa kala. Aka kira lamba ɗari biyu da goma sha biyu, sabon sikelin ya yi ɗan tari ya zuba ja giram ɗari biyu da saba'in da huɗu. Aka buga yadi goma, aka turara, aka wanke. Lokacin ruwa ya ɗauke, rana ta ɗan leƙo. Malam Labaran ya ɗauki zanen ya fita bakin ƙofa, don shi ba ya yarda da hasken lantarki a kan kala. Ya shimfiɗa shi kusa da tsohon samfuri, ya murza, ya ɗaga sama, ya juya bayansa. Mutum goma sha wani abu suna tsaye ba mai tari. Tsohon nan kamar da gangan yake jan lokaci.

"Shi ne," ya ce.

Jummai ta zauna a kan abin da ya fi kusa, ashe buɗaɗɗen duron jan gari ne. Haka ta hau motar ma'aikata ranar da jan baya, 'yan saƙa suna ta tsiya, ita kuwa tana dariya tana share hawaye. Litinin masaƙa ta tashi da sabon tsari, ba a yi asarar yadi ɗaya ba. Malam Labaran yana nan har yau, shi ke duba kowace kala a bakin ƙofa kafin a saki injin.

Makon jiya Alhaji Baffa ya kira ta ofis. Shekara biyu sun sassauta shi. Fayil ɗinta yana buɗe a gabansa, ya riga ya zare takardar gargaɗin ya riƙe.

"Madam, ba na so ki tafi da wannan a bayanki. Yaga ta zan yi."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ku mayar da ita."

"Don me?"

"Abin da ke ciki gaskiya ne, ni na yi. Kuma wanda zai gaje ni, wata rana shi ma zai buga abin da ba daidai ba ya ce gobe zai gyara. Ku ba shi ya karanta a makonsa na farko. Ya ga cewa na faɗa, kuma ba a kore ni ba."

Mun gode, Jummai 'yar Ashafa. Mun gode da tsayuwar da kika yi a ofishin nan, da sunan dattijo da kika kare, da na mai janareta da kika ƙi jefawa cikin ƙarya. Allah ya ba idonki lafiya, ya sa ki huta cikin 'ya'yanki. Ku kuma ma'aikatan Sharada da Challawa da Bompai, duk wanda ya san akwai wani kuskure nasa da yake kwance a wurin aiki, kada ya jira a zo daga Legas a tono shi. Ya shirya gyaransa, ya hau matakalar nan, ya faɗa da bakinsa. In zuciyarsa ta karaya, ya zo Ɗorawa ya nemi a nuna masa fayil ɗin Jummai. Alhaji Baffa ya mayar da takardar inda take, da sa hannunta a ƙasa.